Suna na Huɗu

"Birki, Dardo! Birki na ce! Na dama, na dama!"

Kafin Don Elbio ya rufe baki motar da ake kira 'Yar Ingila ta yi gurnani ta zabura da baya. Ta fice daga gareji, ta take bokitin wanki, ta je ta dafe bishiyar lemun tsamin da ke tsakar gida. Lemo ya dinga zubowa kan rumfar tamfol ɗinta, tim, tim, tim. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Zulma, matar Elbio, na tsaye a ƙofar kicin, filas ɗin ruwan zafi a hammata, a hannu kuma ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake zuƙa da bututu. Ba ta yi ihu ba, amma har cikin ƙashin bayanta ta ji dukan nan.

"Dardo!" Chela maƙwabciya ce ta leƙo ta kan katanga, gashinta duk a naɗe da robobi. "Yau kuma da mota ake girbin lemo? Ai da ka yi magana na ara maka sanda."

Dardo ya sauko yana zufa, ya kasa kallon kowa. Shi ne ɗansu tilo, shekararsa arba'in da ɗaya, kuma shekara ashirin ke nan yana jan tirelar shanu daga nan har iyakar Brazil, ko kaza bai taɓa takewa ba. To amma wannan ne karo na uku cikin mako guda da tsohuwar motar gidansu ta kunyata shi. Duk motar da ya taɓa shiga a duniya birkinta na tsakiya, totur na dama. Ita kuwa 'Yar Ingila, Morris ce ƙirar 1929, masu ƙera ta suka ga dama suka sa totur a tsakiya, birki a dama. Dardo ya san haka sarai. Amma da zarar an ce tsaya, sai ƙafarsa ta tafi inda ta saba.

"Baba, wallahi ina sane," in ji shi. "Ƙafar ce ba ta jin magana."

"Na gani," Elbio ya ce. "Bishiyar ma ta gani."

Yana zaune a kujerar kwando ƙarƙashin rumfar inabi, bargo a kan ƙafarsa ta dama. Tun watan Yuni, da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a bakin wannan garejin, ƙafar ba ta sake taka komai ba, hannun ma sai a hankali. Bakinsa dai lafiya lau, wannan kam duk garin Paso Lucero ya shaida.

Yau ce ranar bikin kafa gari. Ƙarfe goma sha ɗaya tsofaffin motoci za su tashi daga tashar jirgin ƙasa su hau Tudun Coci zuwa dandali, kuma tun da aka fara wannan jerin gwano 'Yar Ingila ce ke gaba. Elbio ya riga ya yanke magana tun ranar Litinin a kan teburin abinci. Ya ce mota ba hoton bango ba ce, in ta zauna shekara guda ta mutu. In babu wani ɗan gidan nan da zai kai ta dandali yau, to a miƙa ta ga wanda zai tuƙa ta. Elbio kuwa in ya faɗi magana, ko tana ƙona shi ba ya janyewa.

Shi ya sa wata doguwar motar ɗaukar motoci take fake a ƙofar gida tun ƙarfe tara, kuma Señor Larrosa, dillalin tsofaffin motoci daga Montevideo, yake tsaye a gefe da farin hankici. Yana da mai saye a Turai. Daga nan sai tashar jirgin ruwa, sai kontena. Haka aka kwashe motar mai kemis, haka aka kwashe ta gidan Olivera, babu wadda aka sake gani ko a hoto.

Ranar Litinin ɗin ba wanda ya tambayi Zulma ra'ayinta. Ta tashi ta kwashe kwanuka ta wanke.

Larrosa ya zagaya bayan motar ya durƙusa ya duba. "Ba ta ji komai ba," ya ce, yana ajiyar zuciya. "Ƙarfen ɗora kaya ne ya ɗan lanƙwashe. Kai, wannan mota akwai ƙashi!"

Ya miƙe yana shafa ta, kuma Zulma ta so ta ji haushinsa amma ta kasa, don ta ga mutumin da gaske yake son motar. Wa ma zai ƙi ta? Koriya ce mai duhu, baƙaƙen fikafikan taya, doguwar rumfa, sitiyari a dama tun zamanin da duk ƙasar nan hannun hagu ake bi. A kan lagiretonta akwai ɗan ma'aunin zafi zagayayye da ke ƙyalli tun daga ƙarshen layi. Kujerunta na fata sun tsattsage sun yi laushi. In rana ta buge ta takan yi ƙamshin fata da baƙin mai, kuma Zulma za ta iya rantsuwa har yau akwai ƙamshin burodi a ciki, ko da yake ita kaɗai take jin sa.

"Don Elbio, bari in faɗa maka gaskiya," in ji Larrosa. "Irinta suna nan a Ingila, wasu ma sun fi ta sheƙi. Abin da ba su da shi, ga shi nan."

Ya buɗe akwatin kayan gyara da ke kan matakin shiga, ya ɗaga murfin katakon. Sunaye ne a jere a cikin murfin, an ƙona su da ƙusa mai zafi.

Duk yaron garin nan ya san su kamar karatun aji ɗaya. Na farko H. Ashcroft, 1929, injiniyan jirgin ƙasa, shi ya sauko da ita daga jirgin ruwa ya rubuta sunansa da kansa. Bayan shekara ashirin, da zai koma ƙasarsu, ya ƙona ƙusa a wutar maƙerar tasha ya rubuta sunan Likita Irureta, wai yana rubutawa yana share hawaye da hula. Daga nan abin ya zama doka, mai bayarwa shi ke rubuta sunan mai karɓa da hannunsa. Likita ya yi shekara goma sha biyu yana keta taɓo da ita zuwa gidajen gona, rabin tsofaffin da za su zauna a dandali yau a bayan zuwanta suka yi kukan farko. Da ya tsufa, wani mai garken shanu ya zo saye. Likita ya ce su hau Tudun Coci tukuna. Mutumin ya sa giya ta yi ƙara har karnuka suka yi haushi, Likita ya ce ya sauka. Sai ya kira mai gidan burodi, wanda ya hau da ita tudun shiru, aka ƙona ƙusa a tanderu aka rubuta F. Bentancor, 1961. Wannan shi ne Don Fermín, mahaifin Zulma.

Layi na huɗu ba ƙuna ba ne. Ɗan faranti ne na tagulla mai ƙusoshi huɗu, an zana masa Elbio Techera, 1979, yana ta walƙiya.

Larrosa ya tsura wa farantin ido. "Wannan kuma me ya sa ya bambanta?"

"Haka na ga dama," in ji Elbio.

"Rubutun surukinka yana ƙarƙashi ke nan?"

"Yana nan."

"To sai mu ɗan kwance in ɗauki hoto. Mai sayen nawa tarihin yake biya, ba ƙarfen ba. In ya ga wuri a rufe zai yi ta tambaya."

"Ba za a taɓa ba."

"Ƙusa huɗu ce kawai, Don Elbio, minti biyu…"

"Na ce ba za a taɓa ba! Ko kurma ne kai?"

Ko Chela ta daina motsi a kan katanga. Zulma ta kalli mijinta. Shekara arba'in da biyar tana kallon wannan fuska, ta san ta da fushi, ta san ta da ciwo. Wannan kuwa ba fushi ba ne. Irin fuskar da ya yi ce ranar da ya fasa kwanon tangaran na mahaifiyarta ya ce kyanwa ce.

Ta ajiye filas da ƙoƙo a kan taga. Ta goge hannu a jikin rigar kicin ɗinta, ta tako ta wuce Larrosa, ta sa hannu cikin akwatin ta zaro sukudireba mai mariƙin katako, na babanta.

"Zulma," in ji Elbio. "Tsohuwa, bari."

Ba ta waiwaya ba. Ƙusoshin sun ciza, ta ukun sai da ta danna da hannu biyu. Da ta huɗu ta fita, farantin ya zame ya faɗo tafin hannunta. Katakon da ke ƙarƙashi fari ne tas, bai taɓa ganin rana ba, kuma a tsakiyarsa ga baƙar ƙuna. Zulma, 1979. Babu sunan dangi, babu komai. Harafin farko da ɗan layi a gicciye a cikinsa, yadda Don Fermín yake yi a jikin buhunan fulawa.

Ta shafa ƙunar da yatsa. Ba murfin take gani ba. Kanta take gani tana da shekara goma sha huɗu, lokacin da bayan babanta ya riƙe ya kasa zama a mota. Ya naɗe buhun fulawa ya sa mata a baya don ƙafarta ta kai, ya ce ta cire takalmi ta ji motar da tafin ƙafa. Shekara tara ta yi tana raba burodi da ita, daga tasha zuwa asibiti zuwa unguwar bakin kogi, kwanduna cike a kujerar baya. Sai ranar aurensu. Suna fitowa daga coci Elbio ya zagaya ya buɗe mata ƙofar hagu yana murmushi, jama'a suka yi tafi, ita kuma da doguwar farar riga ta shiga ta zauna. Ba wanda ya taɓa hana ta tuƙi. Ta zauna ne kawai ranar, wata biyu bayan nan babanta ya rasu, aka rufe gidan burodi, sai ga faranti a murfin akwati. Ta ɗauka baban ya ga namiji ya shigo gida ya ba shi. Ta yi kukanta a ɓoye, ba ta taɓa tambaya ba.

"Ka san da wannan?" ta ce, har yanzu ba ta juyo ba.

Elbio ya sunkuyar da kai. "Ni na riƙe wa babanki murfin," ya ce. "Hannunsa na rawa. Mako guda kafin a kai shi asibiti. Ya ce in nuna miki bayan an binne shi."

"Sai ka rufe."

"Shekarata ashirin da shida, Zulma. Kullum in na shiga shagon aski sai a ce ga wanda ya auri mota. Wai 'yar mai burodi za ta dinga yawo da ni kamar kwando. Na ce in sa shekara guda, in sun gaji in cire." Ya murza bargon da hannunsa mai lafiya. "Shekara ta wuce, na rasa ta inda zan fara faɗa miki. Wata ta sake wucewa."

Sai a nan ta juyo, farantin a hannunta.

"Kowace Asabar, Elbio. Kowace Asabar ta duniya ni nake goge wannan tagullar da toka da lemun tsami. Kana zaune kana kallona."

Idonsa ya kawo ruwa, ita kuwa ko tausayinsa ba ta ji ba a lokacin. Fushi ne ya cika mata ƙirji, kuma a ƙarƙashin fushin akwai wani farin ciki mai zafi da ya kusa kayar da ita. Ashe babanta bai tsallake ta ba.

Ta jefa farantin a aljihun riga. "Ƙarfe nawa?"

Larrosa ya duba agogo. "Goma sha ɗaya saura ashirin, Doña Zulma. Amma ki gafarce ni, takardun motar da sunan Don Elbio suke, kuma mun riga mun…"

"Maganata tana nan yadda na faɗe ta," Elbio ya katse shi, muryarsa a dishe. "Na ce in ɗan gidan nan ya kai ta dandali, ta zauna. In ba a kai ta ba, taka ce."

Zulma ta sunkuya ta kwance takalminta.

"Mama, me za ki yi?" in ji Dardo. "Haba Mama! Ni da nake kwana kan titi ta gagare ni. Ke ko ƙaramar motata ba ki taɓa juyawa ba."

"Shi ya sa," ta ce. "Ni ƙafata ba ta san wata mota ba."

Chela ta bushe da dariya har robar gashinta ɗaya ta faɗo. "Kai ɗan nan, ka ɗauka tatsuniya ake ba ka? Muna 'yan mata, da ƙarar motar nan muke tashi makaranta. Uwarka ta taɓa tsere da jirgin ƙasan Paysandú, ƙwai a baya, ko ɗaya bai fashe ba!"

"Burodi ne, Chela, ba ƙwai ba. Kuma jirgin a tsaye yake." Zulma ta hau ta ƙofar dama. "Señor Larrosa, don Allah janye min akwatin gawar nan taka daga ƙofa."

Sitiyarin ya fi yadda ta tuna girma. Ta sa tafin ƙafarta a kan ƙarfen tsakiya, sanyinsa ya ratsa ta. Gwiwar da take da ita yanzu ba ta 'yar shekara ashirin ba ce, ko matakalar coci sai ta dafa. Ta ja ɗan maƙallin da ke jikin sitiyari baya kaɗan, ta danna abin tayarwa. Injin ya yi tari, ya yi shiru. Ta sake dannawa. Ya kama, ya hau sautinsa na kullum, kamar keken ɗinki a ɗakin da ke kusa.

Ta taka kuloci ta tura giya ta ɗaya da hannun hagu. Ƙarrrr! Har haƙoranta suka amsa. Elbio ya runtse ido, Larrosa ya cije hankicinsa.

Zulma ta saki komai ta zauna. Kunya ta rufe ta har wuya. Da Likita Irureta na nan da tuni ya ce ta sauka. Sai ta tuna abin da babanta kan ce idan ta yi garaje, wai ta ƙirga uku, motar tsohuwa ce ba ta son a katse mata magana. Ta sake taka kuloci, ta ƙirga uku a ranta, ta tura. Giyar ta shige ba ko tsaki. 'Yar Ingila ta rabu da bishiya, lemo biyu suka gangaro daga rumfa.

Ta tsaya daidai kujerar kwando. "Za ka zo, ko za ka zauna kana gadin inabi?"

Dardo ya ciccibi ubansa ya sa shi a kujerar hagu, inda bai taɓa zama ba tun da yake. Zulma ta sa aka miƙo filas da ƙoƙo, ta ɗora masa a cinya.

"Mai zama a nan shi ke zuba wa direba mate," ta ce. "Ba ni na kafa dokar ba."

"Doña Zulma," in ji Larrosa, ya dawo daga janye motarsa yana haki. "Ko da wuri a baya? Ban taɓa shiga irinta tana tafiya da ƙafarta ba."

"Shiga. Ka ga abin da kake shirin sawa a kontena."

Shi da Dardo suka shige baya, Chela ma ta zagayo da gudu ta matse a tsakaninsu, robobin gashi da komai.

A tasha motoci goma sha ɗaya na jere suna jira, an bar gurbin gaba babu kowa. Mutane sun riga sun ji labarin motar ɗaukar motoci, wasu har sun fara cewa bana ba 'Yar Ingila. Da ta kunno kai sai aka yi shiru, aka fara leƙe. Ɗan sandan da ke riƙe da igiyar tare hanya ya sunkuyo ya buɗe baki.

"Doña Zulma? Ke ce?"

"Ni ce, ɗan Marta. Ɗaga igiyar, injin na ɗaukar zafi."

Ya ɗaga. Aka busa usur.

Layin tasha shimfiɗaɗɗe ne, bai ba ta wuya ba. Ta sa ta biyu, ta sa ta uku, iska ta shigo ta gefe tana kaɗa mata furfura. Gefen titi cike, yara da tutoci, tsofaffi a kujerun roba da filas a hammata, hayaƙin gashin nama na tasowa daga bayan kulob. Tana jin sunanta na tafiya daga baki zuwa baki yana riga ta gaba. Amma ita tudun take kallo. Tudun Coci ba wani dogo ba ne, sai dai a tsakiyarsa, daidai gidan waya, yana miƙewa tsaye, kuma dole a sauko daga ta uku zuwa ta biyu mota na tafiya. A nan ne mai garken shanu ya faɗi jarrabawa.

Suna fara hawa injin ya soma nishi.

"Yanzu sai ki…" in ji Elbio.

"Yi min shiru."

Ta taka kuloci, ta fitar da giya, ta saki, ta ɗan taɓa na tsakiya injin ya ɗaga murya, ta sake takawa ta ja. Ba a ji komai ba. Motar ta ɗauki tudun kawai ta ci gaba. Larrosa ya yi wani ɗan sauti a baya kamar wanda ya ɗanɗana miya mai daɗi.

Ba su wuce gidan waya da taku goma ba sai ga wani ƙaton kare ya fizge daga hannun mai shi, ya faɗo titi, igiya na jan ƙasa, wata ƙaramar yarinya na binsa a guje.

"Birki!" Dardo ya ƙwalla ihu.

Kafin ihun ya fita 'Yar Ingila ta riga ta tsaya cak. Zulma ba ta ma san lokacin da ƙafarta ta koma dama ba. Yarinyar ta rungume karenta a gaban lagireto, uwarta ta zo ta sure su tana ba da haƙuri. Motocin baya suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, aka bar Zulma a wurin da ya fi ko'ina tsayi, mutum biyar a mota, gari duk na kallo. In injin ya mutu a nan sai dai a tura, kuma turawa ba kaiwa ba ce.

Elbio ya buɗe baki, ya rufe da kansa. Ta ja birkin hannu, ta ƙirga uku, ta sa ta ɗaya. Ta ba totur kaɗan kaɗan har ta ji motar ta ɗaga hanci tana so, sannan ta saki birkin. Ko taku ɗaya ba su koma baya ba.

Tafi ya ɓarke tun daga gidan waya har sama. Chela na tsaye a kujerar baya tana kaɗa gyale tana ihu, "Ku gani! 'Yar Fermín ce! Ku buɗe ido ku gani!"

Elbio yana kallon gaba. "Tun da nake hawa tudun nan," ya ce a hankali, "ban taɓa sa ta biyu ba sai ta ɗan yi ƙara. Ko sau ɗaya."

"Na sani," in ji Zulma. "Ina gefenka."

A dandali mai sanarwa na kan dandamali da takarda a hannu, yana karantawa bai ɗago ba. "Ta farko kamar kullum, Morris ta 1929, mallakar Don Elbio Teche…" Ya ɗago, ya ga wadda ke riƙe da sitiyari, ya ɗauke wuta.

Elbio ya yafito shi. Mutumin ya sauko ya miƙa masa lasifika.

"A gyara takardar nan," in ji Elbio, muryarsa ta cika dandali. "Motar Zulma Bentancor ce. Ubanta ya ba ta da hannunsa, rubutun na nan ga mai son gani. Ni direba ne kawai, yau kuma an sallame ni."

Aka kwashe da dariya, aka yi ta tafi. Zulma ta kai motar ƙarƙashin bishiyar da take tsayawa kowace shekara, ta kashe injin. Tsofaffi suka fara taruwa, wannan ya ce ya tuna ta da kitso biyu, waccan ta ce burodin ranar aurenta a motar nan aka kawo.

Larrosa ya sauko ya cire hula. "Na yi asarar mai zuwa da komawa, Doña Zulma, kuma ban yi nadama ba." Ya sake ɗaga murfin akwatin ya duba. "Akwai sauran wurin suna ɗaya a ƙasa."

Ta waiwaya ta kalli Dardo, wanda ke leƙen ƙafarta mara takalmi kamar bai taɓa ganin ƙafa ba. "Sai ranar da tasa ta yi hankali," ta ce. "Lahadi mai zuwa ka zo da sassafe, Dardo. Ka bar takalminka a gida."

Wani abu ya taɓa mata gwiwar hannu. Elbio ne yake miƙo ƙoƙon mate. Ya matse shi ne tsakanin cinyoyinsa ya zuba da hannu ɗaya, rabin ruwan ya tafi a bargo, ganyen duk ya taso yana iyo, bututun ya karkace. A rayuwarta ba ta taɓa ganin mate mai muni irin wannan ba. Fushin na nan bai tafi ba, ta san zai kai su wani lokaci. Ta karɓa ta zuƙe har ƙoƙon ya yi ƙara, ta mayar masa.

"Sake zubawa."

Yana kokawa da murfin filas, ta sa hannu a aljihun riga ta ciro farantin tagulla ta ajiye masa a kan bargo.

"Wannan naka ne," ta ce. "Ranar Asabar toka na bayan murhu. Lemo kuwa ɗanka ya girbe mana isasshe."